Wasiƙar da Aka Miƙo Mini Sau Ɗaya

Mantuwa ta fara yi mini sallama. Sai in ɗora tabarau a ka in yi ta zazzage jaka ina nemansa, yara suna kallona suna dariya. Amma akwai wata Asabar guda a wani ɗan gidan haya, flat, da ke Cricklewood, a nan Landan, wadda ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ranar ce aka miƙo mini abin da mahaifina ya shekara sittin da ɗoriya yana nema, ni kuma na sa hannu biyu na mayar da shi, ina murmushi, ina jin na cika 'yar mutunci.

Bari in faro daga tushe. Ni haifaffiyar Bukuru ce, kuma sunan da ke jikin fasfona sunan mutanen ƙasar Ailan ne. Ban aro shi wajen miji ba, na ubana ne. Kakana Bature ne daga can, ya zo aikin haƙar kuza, ya zauna da kakata a bariki, ta haifi Baba, kafin a yaye shi mutumin ya hau jirgi bai sake waiwaye ba. Kakata har ta koma ga Allah tana rantsuwa cewa aure aka ɗaura musu, wai ya yi kalmar shahada a gaban malamin barikin, ya biya sadaki, an raba goro. To amma malamin ya rasu, shaidun 'yan cirani ne sun watse, babu wanda ya yarda da ita. Da za a sa Baba a makaranta ta kafe sai an rubuta masa sunan ubansa, aka rubuta, ya zama abin tsokana.

A gaban idonsa ɗan Bature ake ce masa. In ya ba da baya, shege. Gida biyu aka hana shi aure kafin ya samu mahaifiyarmu. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi littattafai, karatunsa in yana yi sai ka tsaya da abin da kake yi, amma duk ranar da limamin unguwa bai fito ba sai a tsallake shi a tura wani wanda ko Fatiha sai ya yi mata gyara biyu. Bai taɓa cewa uffan ba. Mu 'ya'yansa ne muke haɗiyar baƙin cikin.

Da na samu aikin jinya a Landan, ranar da zan taso ya kira ni ɗakinsa. Shi a wajensa Ingila da Ailan duk garin Turawa ne, kamar Bukuru da Jos. Ya ba ni wata 'yar takarda da ya rubuta sunan ubansa da sunan ƙauyensu, yadda kakata ta riƙe su a ka. Ya ce, "Ba dukiyarsu nake so ba, ba ƙasarsu ba. Ko layi ɗaya ne da hannunsa, wanda ya nuna uwata matarsa ce. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Na zo na shiga hidimar aiki da aure da haihuwa, takardar ta yi shekara tara a cikin aljihun akwati. Sai da ciwon ƙoda ya fara taɓa shi sannan hankalina ya tashi. Na zauna na rubuta wasiƙa zuwa ga limamin cocin ƙauyen, ban ma sa rai ba. Bayan wata uku sai ga kati ya faɗo ta ƙofar gidanmu a Abbey Wood, da rubutu mai rawa irin na tsofaffi. Wata mata ce ta ce ita ƙanwar mutumin da nake tambaya ce, yayanta ya daɗe da mutuwa, tana zaune a Cricklewood, in zo ranar Asabar mu sha shayi.

Kwana biyu na yi ina tuyar alkaki da dubulan, don ba a zuwa gidan dangi hannu rabbana. Da ta buɗe ƙofa sai na ga wata 'yar tsurut ɗin tsohuwa, ta haura tamanin da biyar, gashi fari fat, ido kamar na kyanwa. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ba ta ce in shigo ba. Sai ta ce, "Ɗan ɗaga ɗankwalin nan in ga kunnenki."

Kunnuwana fato-fato ne, tun ina yarinya nake ɓoyonsu, na Baba ma haka. Na ɗaga. Ta dafa ƙirji ta tuntsire da dariya har da hawaye, ta ture gashinta ta nuna mini nata, iri ɗaya sak. Ta ce, "Wannan masifar har Afirka ta kai? Shigo, 'yata, shigo." Tun daga ranar nake ce mata Kaka, na fassara mata ma'anarsa ta ce ta karɓa. Alkakin kuwa ta gatsa sau ɗaya ya kusa tafiya da haƙoran robarta, ta ce lallai na zo ne in ƙarasa ta in ci gado, na ce ai dama jika kishiyar kaka ce a wajenmu. Wasan ya shige ta kamar a Kano aka haife ta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne suna da irin halinmu na kara. In ta ce ga kek, na ce na ƙoshi, sai ta ce haba ɗan kaɗan, na ce Allah na ƙoshi, sai ta ce za ki ci ko sai na ɓata rai, sannan in karɓa. Ta ce a ƙauyensu wanda ya karɓi tayi a karon farko mayunwaci ne, wanda kuma ya yi tayi sau ɗaya ya yi shiru marowaci ne. Na ce Kaka, ai mu ma haka muke. Muka yi ta zagin Turawan Ingilishi tare, mutanen da in ka ce a'a sai su ɗauke farantinsu.

A zuwana na biyu ta sa na janyo mata wani naɗi daga bayan kujera. Ragowar takardar da ake manna wa bango ce, mai furanni, ta juya bayanta ta zana asalin gidansu a kai, aikin shekara arba'in. Muka shimfiɗa ta a ƙasa daga bakin taga har ƙofar kicin, muka danne kusurwoyin da kofuna. Ni ina durƙushe, ita tana zaune tana nuni da sandarta.

Ta ce sunan nan da nake ɗauke da shi ma'anarsa jikan wane, kuma wanen wani shugaba ne da ya riƙe ɗan yanki a yammacin Ailan, bakin teku, tun kusan shekara dubu da suka wuce. Zuriyarsa suka riƙe ƙasar, suna kiwon shanu, suna faɗa da maƙwabta, har Ingilishi suka zo suka ƙwace, masu gona suka koma 'yan haya a gonar kakanninsu. Daga baya cuta ta kama dankalin Turawa, wanda shi ne tuwonsu shi ne miyarsu, yunwa ta shigo ta yi musu kisan kiyashi. Daga nan sunan ya fara hawa jirgin ruwa. Sandarta ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya: wannan Amurka, wannan Kanada, waɗannan biyun Ostareliya, wannan Liverpool ya tsaya don kuɗin jirginsa iya nan ya kai shi. Wasu rassan sun tsaya cak a tsakiyar takarda, ta ce waɗannan sun hau jirgi ba a ji saukarsu ba.

Ta ce a da in mutum zai tafi Amurka zaman makoki ake yi masa da ransa, yana zaune a tsakiya, a yi kuka a yi kiɗa, don an san uwarsa ba za ta sake ganinsa ba. Ita kanta tana da shekara goma sha tara ta zo Landan koyon aikin jinya, da akwati guda na kwali, ta yi ta buga ƙofofi tana neman ɗakin haya, da an ji harshenta sai a ce an riga an bayar. Na ce Kaka, ni ma sai da na buga ƙofa goma sha ɗaya. Ta ce, "Ke ai da sunanmu da fatarku, kin haɗa goma da ashirin."

Sai sandar ta zo kan reshensu. Su shida ne a ɗakinsu, maza biyu. Ɗaya ya mutu yana yaro. Ɗayan shi ne kakana, kuma ƙarƙashin sunansa babu komai, fili fetal. Ta ce da ya dawo daga Najeriya bai koma gida ba, nan Landan ya tsaya yana haƙar rami a ƙarƙashin titi, yana shan giya, bai nemi wata mace ba, ya mutu shi kaɗai a ɗakin haya. Na tuna kakata da ta shekara ashirin tana leƙa ƙofa in ta ji ƙarar mota. Ta ce ta daɗe tana baƙin cikin sunan ya mutu a reshensu. Na ce mata Baba yana da 'ya'ya maza biyar, jikoki maza kuwa sun kusa ashirin, duk da sunan. Ta riƙe baki ta ce, "Muna nan muna yi masa kuka, ashe yana can yana ta haihuwa!"

Wata uku ina zuwa, Asabar ɗaya in je ɗaya in yi aiki. In gyara mata farce, in duba magungunanta, in tafi mata da miyar taushe da ta ce ta fi duk abincin Ingila. Amma ban taɓa buɗe baki na faɗi abin da ya kawo ni ba. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Ya ce, "Baiwar Allah, matar nan eighty-something ce fa. Ki yi asking ɗinta kawai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce masa shi namiji ne ba zai gane ba. Yaushe aka san juna har zan ɗora mata buƙata? Sai ta ce dama ba zumunci ne ya kawo ni ba. Haka aka tarbiyyantar da ni, a fara shimfiɗa tukuna, magana ta zo da ƙafarta.

Kuma ta zo ɗin. A wannan Asabar da nake ba ku labari, ana yayyafi, mun gama shayi. Can ta ce in shiga ɗakinta in ɗauko wani gwangwanin biskit a saman kwaba. Ta buɗe shi a cinyarta. Katunan mamata ne cike, irin waɗanda suke bugawa da hoto da addu'a. Ta zura hannu can ƙasa ta zaro wani ambulan da ya koma ruwan ƙasa, da kan sarki mai hoton sarkin Ingila da sunan Najeriya a jiki. Ta ce wasiƙu uku ya aiko, mahaifiyarsu ta jefa biyu a murhu ta hana a sake zancen, wannan ita ta riga kowa karɓa a hannun mai kawo wasiƙa, ta ɓoye. Ko mijinta bai taɓa gani ba, balle ɗanta.

Na buɗe na karanta. Bayan gaisuwa da ƙorafin zafi da sauro, sai ya ce: "Na yi mata a nan. An ɗaura mana aure irin na mutanenta, a gaban malaminsu, na faɗi abin da aka ce in faɗa kuma ban yi nadama ba. Muna da ɗa namiji, kunnuwanmu ya ɗebo. Kada ki gaya wa Mama tukuna." A ciki akwai ɗan hoto. Ga shi tsaye da gajeren wando, ga kakata tana yarinya ɗanya shakaf, da jariri a hannu. Ban taɓa ganin hoton kakata da ƙuruciya ba, ban taɓa ganin fuskar kakana ba sam.

Kaka tana kuka, ni ma ina yi. Sai ta miƙo mini ambulan ɗin ta ce, "Ki tafi da ita. Ta fi amfani a wajenku."

Na ce, "Haba Kaka, ita kaɗai ta rage miki daga yayanki. Ki bar ta a wajenki."

Wallahi ba har zuciya na faɗa ba. Bakina ne ya yi abin da ya saba. Na riga na gyara zama ina jiran tayi na biyu, har na tsara yadda zan ɗan ƙara noƙewa in karɓa a na uku. Sai matar nan da take yi mini tayin kek har sai na ƙoshi da magiya, ta dube ni ta ce, "Ke yarinyar kirki ce." Ta mayar da wasiƙar ƙarƙashin katunan, ta danna murfin gwangwanin, ta ce in mayar inda na ɗauko.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Wani lokaci in ce tsufa ne, ta gaji. Wani lokaci in ce ta yi tayin ne don ta sauke nauyi, tana addu'ar in ƙi, domin na lura yatsunta ba su saki ambulan ɗin ba ko da ta miƙo. Ba na zaginta. Abin da ka ɓoye shekara sittin ba ya fita hannu da sauƙi. Ni ce dai sakarya. Za ku ce ina wayata? Tana cikin jaka, a gefen ƙafata, da caji fal. Na tuna da ita sarai. Amma tsohuwa tana sharɓar kuka a kan ɗan'uwanta, in zaro waya in ce tsaya in ɗauka, sai na ga kamar masu ɗaukar hoto a wajen haɗarin mota. Na ce a raina bari in na dawo na tambaye ta a natse. Ni da hannuna na hau kujera na mayar da gwangwanin saman kwaba.

Da na gaya wa maigidana sai ya ajiye cokali ya zuba mini ido. Ya ce, "Ta ba ki, kin yi refusing? Ko photo ba ki ɗauka ba?" Na ce ai wasiƙa ba ƙafa gare ta ba. Ya ce, "A bari ya huce shi ke kawo rabon wani." Na ce ya daina yi mini baki.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni. Daɗi ya ɗebe ni, washegari da safe na kira Baba na gaya masa. Ya ce in maimaita masa kalmomin, na maimaita daga ka, ya ce in sake, sau huɗu. Na ji dattijon nan yana shessheka kamar yaro. Ya ce, "Yaushe za ki aiko?" Na ce mako biyu, Baba. Ashe yana ajiye waya ya sa babbar rigarsa, ya dogara sanda ya fita majalisar ƙofar masallaci, ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa an ga takardar auren uwarsa a Landan, da rubutun ubansa, tana nan tafe. Mutumin da bai taɓa tanka wa kowa ba a kan maganar nan, ranar ya tanka.

Asabar ta gaba ina aiki. Wadda ta biyo ta, na kira Kaka don in ce ina hanya, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na je na buga ƙofa, maƙwabciyarta ta leƙo ta ce an tafi da ita asibiti tun Laraba, ta faɗi a banɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ta tafi da maganarta. Da na shiga ta gane ni, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, bakinta yana motsi, babu abin da ke fita sai iska. Aikina ne, na san me nake gani.

A nan na fara haɗuwa da ɗanta. Mutum ne mai kimanin shekara sittin, mai tsabtar kaya da sanyin murya, a wajen gari yake zaune, sau biyu a shekara yake leƙa uwarsa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya kira ni waje ya ce ya ji labarina a bakin maƙwabta, ya gode da ɗawainiya. Na gabatar da kaina, na gaya masa komai, a karon nan ban ɓoye cibi ba. Na ce wasiƙa ɗaya ce a gwangwanin biskit, ko hotonta kawai ya bar ni in ɗauka.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Kawuna bai taɓa aure ba. Ban san me mahaifiyata ta gaya miki ba, ta tsufa, tana son baƙi. In fasfo kike nema, akwai hanyoyin da ake bi. In wani abu kike tsammani a gidan, na council ne, gidan hukuma, ba ta bar komai ba."

Na ji kamar ya watsa mini ruwan wanke-wanke. Na ce ina da takarduna, ina da gidana, ubana ne ke kwance yana jiran layi uku. Ya ce zai duba. Ingilishi da waɗanda suka tashi a cikinsu in sun ce za su duba, to an rufe maganar.

Kwana tara ta yi ta cika. Na je cocin da aka yi jana'izarta na zauna a layin ƙarshe da hijabina, babu wanda ya tambaye ni ko ni wace ce. Bayan kwana biyu na kira ɗan nata, ya ce ya duba bai ga wata wasiƙa ba, kuma sun riga sun kwashe flat ɗin. Ban tsaya canja kaya ba na hau jirgin ƙasa na hau bas. A ƙofar ginin na tarar da ƙaton akwatin ƙarfen da ake zuba tarkace in ana kwashe gida, ga kujerar Kaka a ciki ƙafafu sama. Na tattare abayata na haura. Ni, uwar 'ya'ya uku, babbar nas da ake gaisarwa a asibiti, ina tonon shara da tsakar rana mutane suna wucewa suna kauda kai. Na samu gwangwanin a ƙarƙashin labule. Murfinsa a rufe, katunan mamatan duk suna ciki a jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Ambulan ɗin ne kaɗai babu. Na zazzage su a cinyata na bi ɗaya bayan ɗaya har sau uku.

Ban haƙura ba. Na rubuta masa, na kira, har ya daina ɗauka. Da bazara ta zagayo sai na ji masu sunan za su yi taron zuriya a wani zaure bayan coci a arewacin Landan, na yanki tikiti na je. Matar da ke bakin ƙofa ta duba sunana a takarda ta dube ni, ta ce, "Sunan mijinki ne?" Na ce na ubana ne, na kakana ne. Ta yi irin murmushin nan nasu na leɓe. A ciki ga mutane daga Amurka da Ostareliya, waɗanda rabon gidansu da Ailan tun kakan kakansu, ana rungumarsu ana cewa sannu da dawowa gida. Aka raba wani ɗan littafi mai sheƙi, ashe naɗin Kaka ne ɗanta ya sa aka buga, har da sunansa a bango. Shi da sunan ma ba ya ɗauke da shi, na ubansa daban ne. Na buɗe reshenmu. Inda Kaka ta bar fili, shi ya cike: bai yi aure ba, bai bar baya ba.

Nan dai na miƙe. Na faɗi sunana da ƙarfi, na ce akwai maza sama da ashirin a wani gari da ake kira Bukuru masu wannan suna, kuma mutumin da aka rubuta bai bar baya ba shi ne kakansu. Na ce ku da aka kora daga ƙasarku, aka rufe muku ƙofa a garin nan, yau ku ne da rufe wa wani. Ɗan Kaka yana ta gyara takardu a gabansa. Wasu suka ɗan tafa, irin tafin da ake yi don a wuce wurin. Daga baya wata Ba'amurkiya mai kirki ta biyo ni waje ta ce me zai hana mu yi gwajin jini, yanzu da yawu ma ana yi. Na yi mata godiya. Ina zan fara yi mata bayani? Jini ba a taɓa musunsa ba, yana nan a fatar Baba kowa yana gani. Aure ake musu, shi kuwa ba ya fita a yawu.

A can gida kuwa magana ta zama abin dariya. Duk abin da aka yi alkawari bai zo ba sai a ce wasiƙar Landan. Masu kunya su tambayi Baba, "Malam, har yanzu tana hanya?" Marasa kunya su ce ai 'yarsa ce ta ga ya kusa ta shirya masa tatsuniya. Ya daina zama a majalisa. Ya koma sai an tayar da salla yake shiga, ya tsaya a sahun baya, ana sallama ya fice. Da ban ce komai ba, da ya ƙarasa kwanakinsa da ciwon da ya saba da shi.

Da jikin Baba ya yi tsanani na je Bukuru. Ya rame har kunnuwan nan sun fi fuskar girma. Wata safiya ina ba shi kunu ya ce kowa ya fita. Ya kama wuyan hannuna ya ce, "Uwata, tsakaninki da Allah. Kin gan ta da idonki, ko don ki faranta mini rai ne?"

Na ajiye kofin na rantse masa da Allah, na rantse da Alƙur'anin da ke kan gadonsa. Na kwatanta masa ambulan ɗin, da launin tawadar, da zanen da kakata ta ɗaura a hoton, da yadda Kaka ta miƙo mini na mayar. Ya ce, "To, an miƙo miki, kika ce a bari?" Na ce e, Baba. Ya ce, "Don me?" Na ce kara na yi. Ya saki hannuna a hankali, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya juya fuskarsa bango. Kwana shida bayan nan ya rasu, kuma har yau ban san ko ya yarda da ni ba.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba. Kara ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma a kan abinka ake yin ta. Ka ƙi kek, ka ƙi kuɗin mota, ka ƙi kujera ka zauna a ƙasa, duk naka ne. Wasiƙar nan ba tawa ba ce. Ta Baba ce, ta kakata ce da ta mutu ana ƙaryata ta, ni 'yar aike ce kawai, kuma ɗan aike ba shi da hurumin yin kunya da saƙon mutane. Ni na fita da sunan yarinyar kirki, shi ya shiga kabari da sunan da aka sa masa tun yana goye. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, da duk wanda ya karanta wannan, in aka miƙo muku haƙƙin wani, ku karɓa tun a tayin farko, ko da za a ce ba ku da kunya.